Yarinyar da ake kira mai ƙoƙari alhali ba ta taɓa yin ƙoƙari ba

Kusan kowace makarantar firamare tana da irinta. A ɗauka 'yar aji huɗu ce, tana zaune a benci na biyu cikin yara 70 da ɗoriya. Malama ta juya baya tana rubuta tambayoyin lissafi goma a allo. Kafin ta kai ta bakwai yarinyar ta gama ta shida tana jira, kuma kafin malama ta kakkaɓe alli daga hannunta ita ta rufe littafi. Saura minti 30 a tashi. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan: a miƙa mata takarda ta rubuta sunayen masu surutu, ko a aike ta ofishin hedimasta, ko a ce ta matsa kusa da wance ta nuna mata. Ƙarshen zango ta zo ta ɗaya kamar yadda ta zo bara da bara waccan. A rubuta a katin sakamako cewa yarinya ce mai ƙoƙari, a kai gida, a sa mata albarka.

Akwai abin lura a cikin wannan yabo. Bahaushe idan zai ce yaro yana gane karatu, sai ya ce yana da ƙoƙari, wato ya jingina nasara ga wahalar da aka sha. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ga yawancin yara gaskiya ce. Amma wannan yarinyar ba ta sha wahalar komai ba. Shekara huɗu ke nan tana zuwa makaranta ba a taɓa ajiye mata tambayar da ta sa ta yi jim ba. Ita kaɗai ce a ajin da ba a koya wa yadda ake ƙoƙari, kuma ita ce aka laƙaba wa sunan.

Harshen bai rasa wasu kalmomin ba. Ana cewa kansa yana ja, yana da ƙwaƙwalwa, yana da kaifin basira. Akwai haziƙi, akwai fasihi, akwai gwani, kuma kowace da inda ta fi ƙarfi: basira tana hango abin da ba a faɗa ba, hazaƙa tana kama abin da aka faɗa tun kafin a rufe baki, gwaninta kuwa sai an daɗe ana yi. Sai dai da hukumomin ilimi suka zo fassara kalmar nan ta Turanci, gifted, baiwa suka ɗauka, aka ce yara masu baiwa. Fassarar ta yi daidai ƙwarai, domin kalmomin biyu daga kyauta suka fito. Matsalar ma daidai ɗin ce. Wanda aka ba kyauta ya riga ya samu rabonsa, me kuma zai nema a wurin malamin da ke fama da yara 40 da ba su iya haɗa baƙi ba? Kalmar tana ɗauke da hukunci a ɓoye, cewa wannan yaron zai kai kansa ko an kula shi ko ba a kula ba. Ga shi kuma iyaye da yawa ba sa son a yi ta ambaton abin, don tsoron kambun baka.

Tarihin wannan fanni, in an duba, rabinsa gardama ce a kan suna, kuma kowane suna da aka zaɓa ya haifi irin makarantar da aka gina. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin basira na farko a birnin Faris, kuma manufarsu ita ce gano yaran da karatu ke yi wa nauyi don a taimaka musu. Binet bai yarda cewa basira abu ne daskararre ba. Da gwajin ya tsallaka Amurka sai ya sauya hali. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara shi a 1916, ya ɗora shi a kan ma'aunin nan da ake kira IQ, wanda matsakaicinsa 100 ne, sannan a 1921 ya shiga makarantun Kalifoniya yana neman yaran da suka yi fintinkau. Ya tara sama da 1,500, galibi masu maki 140 ko kusa da haka zuwa sama, aka bi rayuwarsu har tsufa. Binciken ya rushe wani camfi na zamanin, cewa yaro mai tsananin basira raunana ne, ko kuma ƙarshensa taɓin hankali. Yaran Terman sun girma lafiya lau, da yawansu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Babu ko ɗaya da ya ci kyautar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka ce makinsu bai kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci ta a fannin fiziks, ɗaya a 1956, ɗayan a 1968.

An fi son a ba da wannan labarin don dariya, amma akwai wani aibi a aikin Terman da ya fi wannan muhimmanci. Kafin a gwada yaro, malaminsa ne ke fara miƙa sunansa. Sakamakon haka aka samu taron 'ya'yan fararen fata na birni, masu iyaye masu abin hannu da ilimi. Ya nemi baiwa a inda ya zaci tana nan, ya kuwa same ta a can.

Wadda ta fara tambayar abin da ya kamata a yi da yaran bayan an gano su ita ce Leta Hollingworth, malama a Jami'ar Columbia da ke New York. Ta wallafa littafin koyarwa na farko a kan fannin a 1926, kuma daga 1936 ta jagoranci azuzuwan gwaji a makarantar Speyer. Ƙiyasinta shi ne yaro mai maki 140 rabin lokacinsa na aji a banza yake tafiya, mai 170 kuwa kusan duka. Ta kuma lura da abin da gwaji ba ya nunawa: kaɗaici. Yaro ɗan shekara shida mai tunanin ɗan goma sha ɗaya ba shi da abokin hira a cikin tsaransa, manyan yara kuma ba sa wasa da shi. Daga baya, a 1991, wasu masana suka ba wannan yanayi suna, wanda za a iya fassarawa da girma marar jituwa: kai ya yi gaba, hannu da zuciya suna nan a shekarunsu. Yaron da zai yi maka bayanin yadda wata ke husufi shi ne zai fashe da kuka don an ɗauke masa fensir. Malamin da bai san wannan ba sai ya ce rashin kunya ce ko sangarta.

Siyasa ce ta sa gwamnatoci suka waiwayo. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da dokar 1958. Su ma Rashawa ba su tsaya ba: a 1963 aka buɗe makarantar kwana ta lissafi da fiziks a ƙarƙashin Jami'ar Mosko, wadda shahararren masanin lissafi Andrey Kolmogorov ya tsaya mata, ana tsinto yara daga larduna ta hanyar gasa. A 1972 kwamishinan ilimi na Amurka, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisa rahoton da ya faɗaɗa ma'anar baiwa zuwa fannoni shida, har da shugabanci da zane da kiɗa da ƙirƙira, ya kuma ƙiyasta cewa irin waɗannan yara ba su gaza kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba.

Mutum biyu ne suka sauya tambayar daga tushe. Joseph Renzulli, a 1978, ya ce a daina neman yaro mai baiwa, a nemi aikin da ke nuna baiwa. A wurinsa abin yana bayyana ne idan abubuwa uku suka haɗu: iyawa da ta ɗara matsakaici, ƙirƙira, da naci a kan aiki. Yana iya bayyana ga wannan yaro a wannan fanni a wannan shekara, ya ɓuya a wata. Françoys Gagné na Kanada kuma, a 1985, ya raba kalmomin nan biyu da Turawa ke haɗawa kamar tagwaye, gifted da talented. Ta farko ita ce iyawar da aka zo da ita, ta biyu ita ce ƙwarewar da aka gina a kanta ta hanyar koyo da maimaici, kuma tsakaninsu akwai doguwar tafiya da ta dogara da malami da gida da hali da sa'a. Abin da Gagné ya sha wahalar bambancewa, Hausa ta riga ta bambance shi: baiwa daban, gwaninta daban. Ana iya samun ta farko a rasa ta biyu har abada, kuma wannan rashin shi ne ainihin abin da ake magana a kai. Ingila ta gwada rajistar yara masu baiwa a makarantunta, ta kafa cibiya a Jami'ar Warwick a 2002, ta rufe ta a 2007, ta soke shirin baki ɗaya a 2010, yanzu jami'anta sun fi cewa yaran da suka fi iyawa. Suna ya sauya, yarinyar benci na biyu tana nan tana jira.

Hanyoyin da aka gwada a duniya, duk yawan sunayensu, ba su wuce uku ba: a ƙara wa yaro sauri, a ƙara masa zurfi, ko a haɗa shi da irinsa.

Ta farko ce ta fi hujja, kuma ita aka fi tsoro. A ƙarshen shekarun 1960 aka kawo wa Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins wani yaro ɗan shekara 13, Joseph Bates, wanda makarantarsa ta rasa yadda za ta yi da shi. Stanley ya yi wata dabara mai sauƙi: ya ba shi jarrabawar shiga jami'a, wadda aka tsara don 'yan shekara 17. Yaron ya ci da maki mai yawa, aka ɗauke shi a jami'ar, yana shekara 17 ya gama digiri na farko da na biyu. Hikimar tana nan: jarrabawar aji huɗu ba za ta iya bambance yarinyar da ta san aikin aji huɗu da wadda ta san na aji shida ba, domin duk su biyun 100 za su ci. Rufin ɗakin ya yi ƙasa, kowa kansa na taɓa shi. Sai an kawo gwajin da ya fi ƙarfin shekarun yaro ake ganin tsawonsa. A 1971 Stanley ya kafa binciken da ya bi yara sama da 5,000, wanda Camilla Benbow da David Lubinski suka ci gaba da shi a Jami'ar Vanderbilt. Waɗanda aka bari suka yi gaba da saurinsu sun fi takwarorinsu masu irin makinsu samun digirin digirgir da fitar da bincike, kuma da aka tambaye su suna manya, kaɗan ne suka yi nadama.

A Ostireliya, Miraca Gross ta bi yara 60 masu maki 160 zuwa sama na shekaru masu yawa. Waɗanda aka tsallakar da su aji uku ko fiye, a hankali ba a lokaci guda ba, su ne suka fi gamsuwa da karatu, kuma, abin da ya ba mutane mamaki, su ne suka fi samun abokai. Waɗanda aka riƙe cikin tsaransu wai don kada zamantakewarsu ta lalace su ne suka fi kaɗaici, wasunsu ma suka bar makaranta. Wani babban rahoto da Jami'ar Iowa ta fitar a 2004 ya lissafa nau'o'in ƙarin sauri 18, kuma tsallaken aji ɗaya ne kawai a ciki. Yaro na iya zama a ajinsa ya riƙa zuwa aji na gaba don darasin lissafi kaɗai. Ana iya haɗe masa aikin shekara uku a biyu. Terence Tao, wanda ya ci lambar zinare a gasar lissafi ta duniya yana ɗan shekara 13 a 1988, haka iyayensa suka yi masa: yana ɗaukar lissafi da manya, sauran darussa da waɗanda suka fi kusa da shekarunsa.

A nan dole a dakata, domin mai karatu a Kano ko Kaduna zai ce ai tsallaken aji ba baƙo ba ne, kowa yana yi. Gaskiya ne, kuma shi ya ɓata wa hanyar suna. A makarantun kuɗi da yawa aji shida ya kusa zama tarihi, ana kwashe yara daga aji biyar, wani lokaci huɗu, a kai su sakandare. Ba a gwada kowa ba. Dalilin shi ne rage kuɗin shekara guda, ko gasar iyaye, ko tsoron makaranta kada wata ta ƙwace mata ɗalibai. Wannan gaggawa ce ta manya da aka ɗora wa yara, kuma ita ke cika jami'o'i da 'yan shekara 15 da ba su ƙware a komai ba. Martanin hukuma shi ne ƙayyade shekaru: a 2024 ministan ilimi ya ce sai 18, aka yi ta ce-ce-ku-ce, wanda ya gaje shi ya mayar da ita 16. A 2025 hukumar JAMB ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su kai 16 ba, da sharaɗin su ci maki 320 cikin 400 tare da wasu ƙarin matakan tantancewa. A bisa ƙa'ida wannan tunanin Stanley ne, a bar gwaji ya yi magana maimakon takardar haihuwa. Illarsa ita ce ya zo a ƙarshen hanya. Yarinyar da ake ba takardar masu surutu tana da shekara tara, kuma babu wata ƙofa irin wannan a gabanta.

Hanya ta biyu, ƙarin zurfi, kowa na sonta domin ba ta tayar da hankalin kowa. Yaro yana nan a ajinsa, ana ba shi aiki na daban. Amma a yawancin wurare ma'anarta ta koma ƙarin tambayoyi 20 irin waɗanda ya riga ya gama, wato ladan saurinsa shi ne ninkin aiki. Yaro mai wayo kan gane wannan cikin mako guda, ya koyi jan ƙafa. Zurfi na gaske yana buƙatar a fara rage wani abu. Sally Reis da abokan aikinta a Jami'ar Connecticut sun nuna a 1993 cewa malaman firamare na iya cire kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na manhajar shekara ga irin waɗannan yara ba tare da makinsu ya faɗi ba, domin sun riga sun san abin tun kafin a fara. Dabarar ita ce taƙaita manhaja: a ba yaro gwajin ƙarshen babi a farkon babi, abin da ya ci a ɗauke masa, lokacin da ya rage a sa shi wani aiki mai nauyi na gaske. Ɗan aji biyar na iya auna yawan ruwan da rijiyar burtsatsen makaranta ke bayarwa a awa, ya lissafa ko ya ishi ɗalibai. Wata na iya tattara tatsuniyoyin kakarta ta rubuta su, ta gano inda suka saɓa da na littafi.

Hanya ta uku ita gwamnatocinmu suka fi so, domin ana iya yanke mata kyalle a ɗauki hoto. A 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo yara da jarrabawa bayan sun yi shekarun farko na sakandare, kuma duk wanda ya san asibitoci da jami'o'in Arewa ya san yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. A matakin tarayya, shirin yara masu baiwa ya samu ƙarfi zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, aka buɗe makarantar Suleja a 1990, wadda har yau hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa ma ta gina tata a Bamaina. Ba a raina amfanin waɗannan. Yaron da ya saba zama na ɗaya ba tare da gumi ba, ranar da ya tsinci kansa na goma sha biyu a cikin irinsa, ranar ce karatunsa ya fara. Sai dai makaranta guda, ko goma, a ƙasa mai yara miliyoyi, ɗigon ruwa ce a rairayi. Ko Singafo, wadda ta fara ware 'yan ƙalilan daga ɗalibanta zuwa wasu zaɓaɓɓun makarantu tun 1984, ta sanar a 2024 cewa za ta sauya tsarin, ta mayar da aikin cikin kowace firamare, a kuma riƙa gano yara a matakai daban-daban maimakon jarrabawa guda a aji uku.

Babbar tambaya a kan warewa ita ce wa ke shiga. Jarrabawar da aka rubuta da Turanci, ake cike fom ɗinta ta intanet, ake zana ta a babban birnin jiha, tana auna abubuwa da yawa kafin ta kai ga basira: tana auna ko uba ya ji sanarwa, ko yana da kuɗin mota, ko an yi wa yaro lesin. Kuskuren Terman ke nan ya dawo da sabuwar riga. Akwai gwaji mai kyau a kan wannan daga wata babbar gundumar makarantu a jihar Florida. Kafin 2005 malamai da iyaye ne ke miƙa sunayen yaran da za a gwada. Daga shekarar aka ce a gwada kowane ɗan aji biyu, da gwajin siffofi da zane wanda ba ya buƙatar harshe sosai. Masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano sun gano cewa adadin yaran baƙar fata da na 'yan asalin Latin Amurka da aka gano ya yi tsalle, na wasu ya haura ninki biyu, ba tare da an sassauta ƙa'ida ba. Yaran suna nan tun da, ba wanda ya miƙa sunansu. Da kuɗi ya yi ƙaranci aka dakatar da gwajin kowa da kowa, adadin ya koma inda ya fito. Wanda ya karanta wannan ba zai rasa tuna yaron da ke kiwo a bayan gari ba, wanda ke riƙe da lissafin garke da cinikin kasuwa uku a ka, ko yarinyar da ke talla tana ba da canji ba kuskure tun tana shekara shida. Haka ma yaron da baiwarsa ta haɗu da wata naƙasa, kamar wahalar karanta rubutu ko raunin ji. Masana na kiran irinsa mai keɓantuwa biyu. Ƙarfinsa yana rufe rauninsa, rauninsa yana rufe ƙarfinsa, sai a gan shi matsakaici, ko a kira shi malalaci.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya kamata a saurara. A ƙasar da yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, kuma da yawan waɗanda ke zuwa suna gama firamare ba su iya karanta jimla ba, ina dalilin damuwa da wadda ta riga ta iya? Idan maganar ita ce a kwashe kuɗin talakawa a gina wa 'yan ƙalilan fada, ƙorafin ya ci. Amma ciwon da ke damun yarinyar benci na biyu shi ne ke damun yaron benci na ƙarshe. Dukansu an jera su bisa shekarun haihuwa, ana karanta musu shafi guda a rana guda, ita ta wuce shi da shekara biyu, shi bai iso shi ba da shekara biyu. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, wanda aka gwada a wasu jihohin Arewa har da Borno, yana yi wa yara ɗan gajeren gwaji ne ya raba su bisa abin da suka iya na wasu awoyi a rana. An yi shi don na baya, amma ƙa'idarsa ba ta san baya ko gaba ba.

Kuma ba baƙuwar ƙa'ida ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo babu aji huɗu. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya biya ya iya, a ce ya wanke a rubuta masa na gaba. Wanda bai iya ba ya koma ya maimaita, ba wanda ya jira wani. Yara biyu da suka fara rana ɗaya, wani ya sauke shekaru kafin wani, kuma ba a ɗauki wannan abin kunya ko abin mamaki ba. Sunayen matakan ma, daga kolo da titibiri zuwa gardi, har alaramma da gwani da gangaran, galibinsu abin da mutum ya kai suke nunawa. Tsangaya na da nata matsalolin, kuma hadda ba ita ce dukan ilimi ba. Amma a wannan gaɓa guda, tafiya da yaro bisa saurinsa, abin da jami'o'in Amurka suka shafe shekara 50 suna kafa wa hujja abu ne da malamin zaure ke yi da tawada da ruwan wanke allo. Makarantar boko ce ta zo da jeri bisa shekara, domin haka ya fi sauƙin gudanarwa.

Me zai faru idan ba a yi komai ba? Wasu yaran suna tsira, su ne ake nunawa a ce ga shi ai sun kai kansu. Wasu suna zama fitinannun aji. Wasu, musamman mata, suna koyon ɓoye abin da suka sani don a zauna lafiya. Amma akwai wata illa da ta fi ɓuya. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba 'yan aji biyar wasu tambayoyi, suka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu da cewa sun yi aiki tuƙuru. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi zaɓen aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da aka ba su mai wuya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. An yi ta gardama a kan girman tasirin irin wannan bincike, amma malaman jami'a sun san hoton ba sai an kawo musu alƙaluma ba. Ɗalibar da ta zo ta ɗaya shekara 12 a jere ta shiga ajin farko na likitanci ko injiniyanci, ta gamu da darasin da bai shiga a karatu ɗaya ba. Ba ta san yadda ake zama da abin da ba a gane ba, ba ta san yadda ake tambaya ba, ba ta taɓa yin bita ba. Abokan karatunta da suka saba faɗuwa su tashi sun san duk wannan tun suna firamare. Ita kuwa sai ta yanke cewa baiwar ce ta ƙare.

Malamar aji huɗu ba ta da ikon gina Suleja, kuma ba ta da na'urar auna IQ. Tana da tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango a cikin durowa, tana kuma da maƙwabciya, malamar aji shida, a ɗaki na uku daga nata. Idan ta ba yarinyar jarrabawar a makon farko ta cinye, ta aro ta aji biyar. Idan ta cinye wannan ma, sai a je wurin hedimasta a daidaita jadawali, lissafin aji huɗu da na aji shida su faɗo a awa guda, yarinyar ta riƙa ɗaukar littafinta tana tsallaka baranda. Mai yiwuwa a gwajin farko a can ta ci 6 cikin 10, ta dawo gida da jan biro a littafinta karon farko, tana kuka. Sai an yi wa mahaifinta bayani tun kafin ranar, domin shi ma ya saba ganin 10, kuma abin da zai fara faɗa shi ne a mayar da ita ajinta.